Miyarki na tsami, amma ba hannunki ba ne

Saƙon wannan satin daga Garwa ya zo, yana da tsawo sosai shi yasa na taƙaita shi:

"Anti salamu alaikum, dan Allah ki ɓoye sunana. Wata bakwai kenan da aurena, gida ɗaya muke da uwar mijina. Tunda zafi ya shigo duk miyar da na yi da tumatir sai ta yi tsami, Hajiya tace wai hannuna ne mai tsami, a gidanmu ba a koya min girki ba, rannan ma a gaban baƙi ta faɗa. Maigida ne yake sayo tumatir kwando guda dan yafi araha, yana zuwa rabi kore rabi ya fara ja, sai in juye a firigo kar ya lalace. Na fara zuba kanwa da yawa, miyar ta koma baƙa, shi kuma yace cikinsa na juyawa. Ƙawata tace hannu aka sa min, in je gurin malam. Wlh na gaji, har tsoron shiga kicin nake yi. Ya zan yi?"

Wa alaikissalam ƙanwata. Share hawayenki, kuɗin da zaki kai gurin malam kuma ki riƙe abinki ki sayi albasa da su, zasu fi miki amfani. Hausawa sunce ruwa baya tsami banza, to miya ma haka, kuma dalilin naki yana nan cikin saƙonki da kanki kika rubuta shi baki lura ba: rabi kore, rabi ya fara ja, sai firigo. Ina karanta wannan layin na ajiye wayar nace shikenan, ga ɓarawon nan.

Ni harkar sarrafa abinci na karanta a Ngawundare, dan haka ki yi haƙuri zan ɗan ja ki da nisa, amma in kika gane abin sau ɗaya ba wanda zai sake tsorata ki da zancen hannu.

Tumatir kusan duk ruwa ne, cikin kashi 100 wajen 94 zuwa 95 ruwa ne zalla. Ɗan ragowar nan shi ne duk ɗanɗanon da ake faɗa a kai, wajen rabinsa suga ne, wajen ɗaya cikin takwas kuma sinadarin tsami. Harshenki ba ya auna kowanne shi kaɗai, haɗa su yake yi. Kin san zoɓo ai, tsamin da ke cikin kofi bai canja ba kafin ki sa suga da bayan kin sa, amma na farko ya sa ki yamutsa fuska na biyu ki nemi ƙari. Tumatir ma wani lokacin ba tsaminsa ne yayi yawa ba, zaƙin da zai rufe shi ne babu.

To daga ina zaƙin yake zuwa? Daga ganye. Ganye ne yake shan rana ya haɗa suga, ya turo shi ta jijiya zuwa cikin 'ya'yan, kullum kaɗan kaɗan kamar mai zuba adashi. Lokacin da tumatirin yake ƙarami kore, wani ɓangare na sugan nan ba ya barinsa a suga, sai ya ɗaure shi ya mayar da shi sitaci ya ajiye, shi kuma sitaci ba shi da zaƙi ko kaɗan, in kina musu ki lashi ɗanyen garin rogo. Masu wannan ɗauri da kwancewa wasu ƙananan sinadarai ne da ake ce musu enzayim, ki ɗauke su kamar 'yan aikin gidan biki, kowacce da aikinta guda ɗaya tak, mai yanka albasa ba ta taɓa tukunya.

Kuma kin riga kin san su, sunan ne kawai baki sani ba. Kunun zaƙi fa? Ana dama gasara tayi kauri kitif, sai a kawo tsiro ko busasshen dankali da aka markaɗa a zuba a rufe, kafin safiya kunun ya tsinke yayi zaƙi ba tare da an sa masa suga ba. Wa ya yi aikin? Enzayim ɗin da ke cikin tsiron, sunansa amilez, shi ya bi sitacin nan ya daddatsa shi ya koma suga. Har a yawun bakinki akwai irinsa, shi yasa in kika daɗe kina tauna burodi zaki ji ya fara zaƙi. Kuma duk mai yin kunu ta san in ta zuba tsiron cikin gasara tana tafarfasa to ta kashe shi, kunun ba zai yi ba, in kuma yayi sanyi ƙalau aikin baya tafiya. Ki riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Irin wannan aikin ne yake faruwa cikin tumatir in ya ƙosa, dangin amilez su kwance sitacin da aka ajiye. Sannan akwai wani kuma, inbatez, shi aikinsa ya kama sugan da ganye ya turo, wanda irin sugan rake ne, ya raba shi gida biyu: gulukos da furuktos. Furuktos ɗin nan yafi sugan shayi zaƙi a baki, shi ne yake da yawa a zuma. Shi yasa nunannen tumatirin da muke ci kusan babu sugan rake a cikinsa, sai waɗannan biyun kusan kai ɗaya. Abin mamaki, a can tsaunukan Kudancin Amurka inda asalin tumatir yake, akwai danginsa na daji da inbatez ɗinsu ba shi da ƙarfi, su sugan rake suke tarawa. Enzayim ɗaya kawai ya bambanta, ɗanɗano ya canja gaba ɗaya.

Yanzu tsami. Iri biyu ne manya a tumatir, sitirik wanda shi ne na lemon tsami, da malik irin na ɗanyen tuffa. Tun yana kore yake tara su, kuma, nan nake so ki buɗe kunne, tsamin yana kaiwa ƙololuwa ne daidai lokacin da tumatir ya fara sauya launi, wato ya bar kore ya fara ɗan ja-ja ko rawaya a ƙasansa. Daga nan ne yake fara sauka. Dalili, tumatir abu ne mai rai ko bayan an tsinke shi, yana numfashi, kuma a lokacin nuna numfashin nasa ƙaruwa yake yi, sai wasu enzayim su riƙa ƙona tsamin nan kamar itace, musamman malik, wasu ma su juya kaɗan daga cikinsa ya koma suga. Mai buga gangar da duk 'yan aikin nan suke tashi ita ce wata iska da tumatirin yake fitarwa da kansa, etilin, ita ce dai wadda ayaba da mangwaro suke fitarwa, shi yasa in an rufe ɗanye da nunanne guri ɗaya sai ɗanyen ya biyo.

To kin ga abinda ya same ki? Ana kawo miki tumatir daidai ranar da tsaminsa yafi na kowace rana a rayuwarsa, maimakon a bar 'yan aikin su ƙarasa, sai ki sa su a sanyin digiri 4 ko 5 su sandare. Tumatir ɗan ƙasar zafi ne, ƙasa da digiri 12 cutar da shi yake yi, wanda bai gama nuna ba in ya daɗe a firigo ko kin fito da shi ba zai nuna yadda ya kamata ba, sai dai yayi laushi, ruwa-ruwa, ya fara tabo. A 2016 masu bincike a Jami'ar Fulorida ta Amurka sun nuna cewa ko nunanne ne in yayi kamar mako a firigo, sugansa da tsaminsa basa wani canjawa amma ƙamshinsa ne yake gudu, dan enzayim masu haɗa ƙamshin sun tsaya. Miyar da ba ƙamshi kuwa tsaminta ne kawai zai fito fili. Ba laifinki bane, kowa an koya masa firigo gata ne, nima sai da na shiga aji na san ba kowane abu yake so ba.

Amma akwai abinda ko kin yi komai daidai ba zaki iya gyarawa ba, gara in gaya miki gaskiya. Ranar da aka raba tumatir da uwarsa ranar adashin ya tsaya, ba sauran suga da zai shigo. Zai iya yin ja a ɗaki, tsaminsa ya ɗan sauka, ɗan sitacin da ya rage ya narke, amma ba zai kamo wanda ya nuna a jikin uwarsa ba har abada. Ja daban, zaƙi daban, ma'aikatansu ma daban ne. Kuma ki duba lokacin da matsalar ta fara, ke da kanki kika ce tunda zafi ya shigo. A Garwa watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, furen tumatir zubewa yake yi a irin wannan yanayi, na lambunan bakin Binuwai da ake samu da yawa lokacin sanyi sai yayi ƙaranci, 'yan kasuwa su koma ɗauko na nesa. Wanda zai kwana a bayan mota cikin kwando wani kan wani dole a tsinke shi da tauri, in ba haka ba kafin ya iso ya zama miya da kansa. Ba mugunta bace, sana'a ce. Amma ai kin yi hunturu a gidan, kin yi miya da irin tumatirin Disamba da Janairu, ina kyautata zaton lokacin ba wanda yace hannunki na da tsami. Hannun ne ya canja cikin wata uku?

Har irin ma da nasa. Yawancin irin da ake nomawa yanzu an zaɓe su ne dan tauri da jure hanya da kyan gani. Kin tuna tumatirin gargajiya mai tsaga-tsaga wanda kafaɗarsa take zama kore-kore ko ya nuna? Masu haɗa iri sun kawar da wannan koren dan mai saye yafi son ja bai ɗaya, sai a 2012 aka gano cewa wannan koren kafaɗar yana taya ganye haɗa suga, cire shi da aka yi ya rage zaƙi. Kyau ya ci ɗanɗano kenan. Manomi ma in ya cika ban ruwa gab da tsinka, tumatir zai yi girma da nauyi amma salam.

To me zaki yi gobe da safe.

Kwandon nan in ya zo ki zauna ki tsince shi kashi uku. Wanda yayi ja sosai ki yi amfani da shi yau da gobe, shi ne kaɗai zai iya shiga firigo, shima kwana biyu ko uku. Wanda ya fara ja ki shimfiɗa shi a faranti ko tabarma, kar ki tara wani kan wani, a gurin da yafi ko'ina sanyi a gidan, gindin randa misali, ba a rana ba. Mutane suna shanya shi a rana wai yayi ja, kuskure ne, enzayim ɗin da suke haɗa jan launin basa aiki sosai in zafi ya wuce digiri 30, sai ki ga yayi ruwan lemo yayi laushi ya ƙi ja, kuma zafin yana sa shi ƙona ɗan sugan da yake da shi. Kin tuna tsiro cikin tafasasshiyar gasara? Shi ne. Abinda yake so tsakanin 18 ne zuwa 24, na san a Garwa a wannan watan wannan kamar neman ƙanƙara ne a murhu, amma akwai dabara, tukunya cikin tukunya. Ki samu babbar tukunyar ƙasa ki sa ƙarama a ciki, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin safe da yamma, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska take wucewa. Wani malami ɗan Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yayata ta a shekarun 1990, kuma a busasshen zafi irin na yanzu tafi aiki, da damina ce take rage ƙarfi. Ba ruwanta da ɗauke wuta.

Kore shar ɗin kuma ki yanka guda ɗaya ki gani. In cikinsa ya riga yayi yauƙi-yauƙi kuma 'ya'yan suna zamewa wuƙa bata yanka su, ya ƙosa, ki sa su a kwali da nunanniyar ayaba ɗaya zasu nuna. In kuwa wuƙa ta raba 'ya'yan biyu, cikin a bushe, wannan jariri aka tsinko, kar ki wahalar da kanki, ba zai taɓa daɗi ba.

Sai wani abu da baki faɗa ba amma ina zargi. In kin kai markaɗe, minti nawa kayan miyan suke yi kafin su hau wuta? Dan akwai tsami na biyu wanda ba na tumatir bane, na ƙwayoyin halitta ne da suke cin suga su mayar da shi tsami, irin yadda madara take zama nono ko gasara ta kwana ta yi tsami. A zafin nan, markaɗaɗɗen tumatir a roba a rufe, yaro ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, ke kuma kina wanke-wanke, awa biyu uku ya isa ya fara. In ma akwai fasassu a ciki to tun a kwando suka fara. Yana dawowa daga inji ki ɗora ki tafasa ko ba yanzu zaki yi miyar ba. Wanda yayi fumfuna ko yake wari kuwa ki zubar, kar ki ce asara.

Kanwa. Ƙanwata ki sassauta. Gaskiya ne tana kashe tsami, kumfar da kike gani in kin zuba shi ne alamar suna cin juna, iyayenmu basu yi ƙarya ba. Amma ɗan mitsitsi ake sawa, kamar ƙwayar wake a tukunyar gida, a jiƙa a tsiyaye ruwan. In tayi yawa miya tayi duhu, tayi bauri kamar sabulu, bitamin C ɗin ciki ya lalace, ga ciki ya ɗauka, maigidanki ba sharri ya miki ba. Kuma miyar da aka kashe mata tsami gaba ɗaya lami take zama, ɗan tsamin nan shi ne ranta.

Abinda yafi kanwa shi ne ki ƙaro ɓangaren zaƙi. Albasa mai yawa, ki soya ta a hankali har tayi laushi ta fara ja kafin tumatir ya shiga. Ki sa tattasai ja yafi tumatir yawa in tumatirin bai yi ba, karas ɗaya ko biyu a markaɗen. Ki bar ruwan ya tsotse sannan ki soya har mai ya taso. Mutane suna cewa suya tana ƙone tsami, a gaskiya tsamin ba ya bin tururi ya fita, yana nan, ɗanyen warin ne yake tafiya zaƙin albasa ya fito mai kuma ya lulluɓe harshe, amma tunda sakamakon ɗaya ne ba zan yi musu da kowa ba. Wasu suna matse ruwan cikin da 'ya'yan su zubar, eh nan tsami yafi taruwa, sai dai nan ne kuma gulutamet yake, wato sinadarin daɗin nan da ke cikin Maggi wanda tumatir yake ƙara tarawa da kansa in yana nuna, ni ban cika son zubarwa ba sai in tumatirin ya gagara. Suga rabin ƙaramin cokali ba zunubi bane. Kauɗar tumatir ma kar ki raina ta, in da nunanne aka yi ta tafi ɗanyen da aka tsinko kore, mutanen Abeshe a Chadi da garinta suke miya shekara da shekaru.

Yanzu maganar mutane, wadda tafi ta tumatir wuya.

Maigida tukuna, dan daga gurinsa kwandon yake fitowa. Kar ki ce masa kai ne kake sayo mara kyau, namiji da cefanensa sai a hankali. Ki bari ya ci ya huta, ki kawo masa lissafi: ga abinda muka zubar a kwandon da ya wuce, ga wanda ya ƙi nuna. Araha bata ado. Ki roƙe shi ko dai ya riƙa sayen na kwana uku uku jajaye, ko in kwandon ne dole ya zaɓi wanda ya riga ya juya launi. In ya ɗaga ya sansana gindin ya ji ƙamshin tumatir, ya ji nauyi a hannu, shi ne. A wannan zaman ne kuma zaki gaya masa, ba da kuka ba ba da faɗa ba, cewa maganar da aka yi a gaban baƙi ta miki ciwo. Abinda Hajiya tayi ba daidai bane, ba zan shafa miki mai a baki ba, an taɓa ki an taɓa gidanku. Amma gyaran wannan aikin ɗanta ne, shi ya san ta inda zai shiga mata, ke in kika tanka ko da gaskiyarki sunan zai koma rashin kunya.

Ita kuma Hajiya dan Allah kar ki je mata da zancen inbatez da etilin, cewa zata yi boko ya haukata ki. Durƙusa wa wada ba gajiyawa bane. Ran da aka kawo kwando ki ɗauka ki kai gabanta ki ce Hajiya ki duba min wanda ya kamata in fara da shi, ni ban iya zaɓe ba. Ina tabbatar miki tana sa hannu zata ce wannan ai ɗanye ne, wa ya sayo wannan? Kin ga da bakinta ta wanke ki, kuma ta ji daɗi an tambaye ta. Tsofaffin nan sun san duk abinda na rubuta a sama, a hannu da hanci suka san shi, kawai dai bata ga kwandon bane sai miyar take gani. In ma da hali ki ce ta tsaya kusa ki yi miyar a gabanta da irin tumatirin, gani ya kori ji.

Ƙawarki kuma ki rage kai mata labarin gidanki. Wadda daga jin miya tayi tsami ta tafi kan asiri, ran da kuka yi saɓani na gaske da mijinki ban san inda zata tura ki ba. Addu'a kam ki yi, kullum ma, ba sai an biya kowa ba.

Ki gwada na sati biyu ki sake rubuto min, ki gaya min kalar tumatirin da kika yi amfani da shi, inda kika ajiye shi, da tsawon lokacin da markaɗe ya yi kafin ya hau wuta. In duk kin gyara waɗannan miyar bata daina ba, to ki duba tumatirin gwangwani ko na leda in kina haɗawa da shi, ki karanta bayansa, wasu kamfanonin suna ƙara masa sitirik dan ya daɗe bai lalace ba.